Yadda na canza kuɗin auren ƙanena daga naira zuwa sefa

Dangin matar autanmu mutanen Maraɗi ne, don haka da sefa suka yanka sadaki: jaka ɗari uku. Ranar da Kawu ya dawo gida da wannan magana, a farkon shekarar 2023, har guɗa Gwaggo ta yi, wai an yi mana rangwame. Lissafin Kano take yi, inda tun zamanin fam jaka take fam ɗari, wato naira 200. A wurinta jaka ɗari uku naira 60,000 ce. Kawu ya bar ta ta gama murnarta, sannan ya ce mata jakar Nijar sefa dubu ce. Sadakin sefa 300,000 ne, kuma a farashin 'yan canji na lokacin, da jaka ɗaya take wajen naira 1,200, ya kama kusan naira 360,000. Ba kaɗan ba ne, amma ba abin da zai gagari gidanmu ba.

Ni aka ɗora wa riƙon kuɗin biki, kasancewar ni ne babban wa. Kuɗin ma ba su taru ba a lokacin, adashi ne da gudummawar dangi suke shigowa kaɗan-kaɗan. Muna cikin tarawa al'amura suka yi ta hawa kan juna. A tsakiyar watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara, dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Ran 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka. Biki ya tsaya. A watan Fabrairu na 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage kafin ta ja da baya. A ƙarshen watan aka ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyaka, sannan manya suka sake zama suka sa rana bayan babbar sallah.

Surukanmu ba su ƙara ko sisi a kan abin da suka faɗa ba. Jaka ɗari uku suka ce, jaka ɗari uku suka tsaya. Amma a aljihunmu sadakin ya ninka har ya ɗan gota, domin jaka ta kai wajen naira 2,500.

Gwaggo ta ce sefa ce ta yi tsada. Ni kuwa ban ga abin da sefa ta yi ba, tana nan inda aka ɗaure ta. Tun shekarar 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kafin nan kuma da kuɗin Faransa aka ɗaure ta. Banki ɗaya ne yake buga ta, BCEAO mai hedikwata a Dakar, ƙasashe takwas suke kashe ta: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau. Ko juyin mulki da takunkumi ba su taɓa wannan adadin ba. Duk wanda ya sayi sefa a Kano, yuro yake saye a fakaice. Naira ce take zamewa. Kawu, wanda ya yi fataucin wake da albasa tsakanin Maraɗi da Kano tun yana saurayi, yana yawan ba mu labarin farkon shekarun 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ƙarfi, mutumin Najeriya ya shiga kasuwar Maraɗi ana binsa da "Alhaji, Alhaji" ko bai taɓa ganin jirgi ba. Ya ga watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa gida biyu a dare ɗaya. Ya kuma ga wajen 2021 da sefa ta kamo naira suka yi kunnen doki, daga nan ta wuce ta bar ta.

Abu na farko da na yi, kafin in nemi ɗan canji, shi ne rage abin da za a canza. Na zauna da yayyenmu mata muka tsefe jerin kayan biki. Duk abin da za a iya saye a Kano, a Kano muka saya da naira. Lefe gaba ɗaya daga Kantin Kwari ya fito, goro daga Mariri. Ai su kansu 'yan kasuwar Maraɗi Kwari suke zuwa sari, to ina dalilin da zan sayi sefa da tsada in je in sayi atamfar da aka ɗauko daga ƙofar gidanmu? Abin da ya rage, wanda dole sai da sefa, kashi uku ne: sadaki jaka 300, gaisuwar iyaye da ta dangi da na maroƙa jaka 150, sai masauki da abinci da zirga-zirgar 'yan rakiya jaka 150. Jimla jaka 600.

Abu na biyu, na fitar da nawa farashin a gida. Wannan ɗaurin da aka yi wa sefa shi ya sauƙaƙa lissafin. Da safen ranar da za mu je canji dala tana wajen naira 1,500, yuro ɗaya kuma dala 1.08. Na ninka su, yuro ya tashi naira 1,620. Na raba da 656, sefa ɗaya ta kama naira 2.47, jaka ɗaya ke nan naira 2,470. Na san ba wanda zai sayar mini a haka, ɗan canji ba sadaka ya fito yi ba. Amfanin adadin shi ne in san inda ƙasa take, in gane ko riba aka ɗora mini ko zalunci. Wanda ya buɗe wayarsa ya ga farashin intanet ya tafi kasuwa yana cewa sai an ba shi haka, zai yini yana rigima ya dawo da nairarsa. Wancan adadi na tsakiya ne, na bankuna a junansu, babu hayar shago a cikinsa, babu kasadar ɗauko kuɗi daga wata ƙasa.

Wapa, a Fagge, nan ce kasuwar 'yan canjin Kano. Tun kafin mai adaidaita ya gama tsayawa samari suka yanyame mu. "Alhaji, dala ce? Riyal? Yuro? Baba, sefa?" Kawu bai ko ɗaga kai ba. Waɗannan yaran yawancinsu ba su da kuɗin, kai ka za su yi wurin mai kuɗin, la'adarsu kuma a cikin farashin da za a faɗa maka take. Idan dala hamsin za ka canza ba laifi, su ma abinci suke nema. Amma da kuɗin aure gara mutum ya isa shago da ƙafarsa.

Kafin mu je wurin mutumin Kawu na ce a bar ni in ɗan ji bakin kasuwa. Dabarar da na bi ita ce, ba na faɗin ko saye na zo ko sayarwa. Sai in ce, "Sefa nawa take yau, saye da sayarwa?" Wani ya ce mini suna karɓa a 2,480, suna bayarwa a 2,580. Wani a gaba ya ce 2,490 da 2,550. Wannan ratar da ke tsakanin adadin biyu ita ce abincin ɗan canji, kuma ita ce take gaya maka irin wanda kake magana da shi. Mai ƙaramar rata yawanci shi ne mai kaya a hannu, mai babba kuwa sau da yawa sai ya je ya karɓo a wurin wani.

Mutumin Kawu dattijo ne, shagonsa ɗan ƙarami, teburi ɗaya da na'urar ƙirga kuɗi da kalkuleta mai manyan lambobi da wayoyi a jere. Sai da suka gaisa suka tambayi iyali da jikoki, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, sannan Kawu ya nuna ni.

"Ɗana ne. Auren ƙanensa za mu kai Maraɗi."

"Masha Allah. Allah ya sanya alheri. Malam, nawa kake nema?"

"Ranka ya daɗe, jaka ɗari biyar da hamsin."

Ya danna kalkuleta ya juyo mini da ita: 2,550. Na ce 2,500. Ya yi murmushi ya ce albarka, shi kansa bai samo ta a haka ba. Ya ce da na zo mako biyu kafin sallah ma da ban same ta a wannan farashin ba, domin a lokacin fataken dabbobi ne suke wawushe sefa. Na ce to ai yanzu sallah ta wuce. Ya tambaye ni tsaba zan bayar ko tiransifa, manyan takardu nake so ko ƙanana, duka a hannu nake so ko zan karɓi wani abu a can. Kowace amsa tana motsa farashin kaɗan. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, ya saurara, ya ce "to" kawai ya ajiye. Ban san abin da aka gaya masa ba, amma na lura duk layin shagunan a lokaci guda suke jin labari. Kawu ya sa baki ya ce, "Alhaji, kuɗin sunna ne fa." Dattijon ya sake danna kalkuleta: 2,530. "Na sallama, amma na yanzu ne. Idan kun fita kun dawo sai mu sake magana."

Naira 50 ce kacal tsakanin wannan da farashin farko da na ji a bakin titi. A kan jaka ɗaya ba ta isa sayen ruwan leda biyu ba. A kan jaka 550 ta zama naira 27,500.

A nan wata magana ta taso tsakanina da Kawu wadda tun a gida muka fara ta. Ni so na yi in biya a Kano in karɓa duka a Maraɗi, saboda hanyar Jibiya ba hanyar da mutum zai so ya bi da kuɗi a jiki ba ce. Kawu ya ce canji hannu da hannu ake yinsa, haka hadisi ya zo a kan musayar zinariya da azurfa, kuma malamai sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci: idan jinsi ya bambanta a yi ciniki yadda aka ga dama, amma kada a rabu sai kowa ya karɓi nasa. Na ce akwai malaman da suke ganin idan an yanke farashi, an biya, an ba ka shaidar kuɗinka nan take, ya zama kamar ka karɓa. Ya ce ya ji, bai kuma ce sun yi kuskure ba, amma sadakin ɗansa ba zai bi ta hanyar da ake saɓani a kanta ba. Dattijon yana jinmu bai ce uffan ba, da alama ya sha jin irin wannan a shagonsa. Muka raba: sadaki jaka 300 a hannu, jaka 250 a karɓa a can. Sauran jaka 50 na bar su a naira, in canza a Maraɗi in sami ƙananan kuɗi.

Jaka 550 a kan 2,530 ta kama naira 1,391,500. Da tsaba zan kawo, kusan rafa goma sha huɗu ce ta 'yan dubu-dubu, tunda har yau dubu ɗaya ce babbar takardarmu, ita ma tun 2005 take. Ga kuma ƙa'idar cire kuɗi ta naira 500,000 a mako ga mutum ɗaya. Don haka tiransifa na yi. Tun daren da ya gabata na shiga manhajar banki na ɗaga iyakar abin da zan iya turawa a rana, wanda duk mai shirin irin wannan ciniki ya kamata ya yi, kada a sallama masa ya tsaya yana kokawa da waya farashi ya tashi. Na tura, an cire a wurina, amma shiru a wurinsa. Na nuna masa rasit a wayata, ya ce, "Malam, ba wai ban yarda da kai ba ne. Alat na ƙarya ya yi yawa, sai na gani a asusuna." Ban ji haushi ba. Ya dai tabbatar mana farashi ya tsaya tun lokacin da na tura. Aka kawo shayi, suka koma hirar mutanen da, har kuɗin suka faɗo.

Ya buɗe aljihun teburi ya ƙirgo takardu talatin na jaka goma-goma. Abin da ya ci naira 759,000 ke nan, bai kai kaurin ɗan littafin addu'a ba. Ya sa a na'ura, sannan ya miƙo mini ya ce in ƙirga da hannuna a gabansa. Wannan ƙa'ida ce, idan ka fita ƙofa magana ta ƙare. Kawu ya karɓa yana duba su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga su sama ya ga alamar da ke cikin takardar, yana karkata su ya ga ƙyallin zirin da ke jiki, yana murza su ya ji kaushinsu. Shi ya koya mini launukansu: jaka goma shunayya ce da tsuntsaye a bayanta, jaka biyar koriya, jaka biyu shuɗiya da kifi, jaka ɗaya ja da raƙuma, sai ta sefa 500 mai ruwan goro da dorinar ruwa. Ya nuna mini wani harafi kusa da lambar kowace takarda, wanda yake nuna ƙasar da aka fitar da ita: H ta Nijar, B ta Benin, K ta Senegal, A ta Kodebuwa. Duk ɗaya suke a wurin kashewa. Ya ware guda biyu, ɗaya ta ɗan yage a gefe ɗaya an liƙa mata salatif, ya ce a sauya. Aka sauya ba musu.

Jaka 250 ɗin kuwa, waya kawai dattijon ya ɗaga. Ya faɗi sunana da adadi, ya ba da lambar wayata, ya rubuta lambar wani mutum a 'yar takarda ya buga hatimi ya ba ni. Na tambaye shi yaushe kuɗin za su isa. Ya yi dariya ya ce ba inda za su je, suna can tun tuni. 'Yan kasuwar Maraɗi da ke zuwa sari Kwari da Singa ba sa ɗauko sefa, can suke ajiye ta wurin abokin hulɗarsa, su zo Kano ya ba su naira. Nairar da na turo masa yanzu ita zai ba wani a cikinsu gobe, ni kuma sefar wancan zan karɓa. Lokaci-lokaci sai su biyun su zauna su daidaita littafi. Shi ya sa bai caje ni kuɗin aikawa ba, hasali ma na rage masa nauyi ne.

Da sassafe muka tashi, muka bi ta Katsina zuwa Jibiya, muka tsallaka a Magama da rana tsaka muka shiga Ɗan Isa. Kuɗin da ke jikina bai kai ko kusa da dala 10,000 ta Amurka da doka ta ce sai an bayyana wa kwastan ba. A garuruwan bakin iyaka naira da sefa tare suke yawo, mai tsire zai karɓi kowace ka miƙa masa, ya yi lissafinsa a ka, kuma lissafin ba ya taɓa karkatowa wajenka. Sai da muka shiga Maraɗi sosai na fara jin na zo wata ƙasa.

A can ba a ƙirga kuɗi da sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake yi, dalarsu kuma sefa biyar ce. Mai kabu-kabu ya ce mini "dala ɗari", wato sefa 500. Dala ashirin sefa 100, dala hamsin 250, dala ɗari biyu ita ce jaka, ko jikka yadda suke faɗa. Mutumin Kano sai ya yi lissafi hawa biyu kafin ya san abin da ake tambayarsa: ya ninka da biyar ya sami sefa, ya sake ninkawa da biyu da rabi, a farashin lokacin, ya sami naira. Ni dai na gajarce wa kaina: duk dala takwas naira ɗari ce. Da wannan na gane dala ɗarin mai babur ta haura naira 1,250, na kuma fahimci abin da ya sa 'yan rakiyarmu suka yi tsit bayan sun ci abincin farko a tasha. Wata ƙanwar mahaifiyarmu ta taya ɗankwali aka ce dala ɗari uku, ta ce kai, Nijar akwai arha. Da na gaya mata kusan naira 3,800 ne, a hankali ta ajiye shi.

Na kira lambar da aka ba ni. Mutumin ya kwatanta mini rumfarsa a babbar kasuwa, na same shi tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, domin shi ɗan kasuwa ne kafin ya zama ɗan canji. Ya dubi takardar, ya kira wayata ya ji ta yi ƙara a aljihuna, ya ce, "Kai ne baƙon Alhaji? Sannu da hanya. Ga kuɗɗinka." Ya ƙirgo jaka 250. Na roƙe shi ya haɗa mini da 'yan jaka biyar da jaka biyu saboda rabon gaisuwa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Da yawansu sun tsufa sun yi laushi. Ya ce tun lokacin takunkumi, da tsabar kuɗi ta yi wuya a bankuna, tsofaffin takardun ne suke ta zagayawa.

A wurinsa na canza naira 100,000, a nan kuma na ga yadda farashi yake juyewa. A Kano tambayar ita ce jaka ɗaya naira nawa. A Maraɗi tambayar ita ce naira dubu dala nawa. Ya ce dala saba'in da takwas, wato sefa 390. A Kano mai neman sefa so yake adadin ya sauka, a nan so yake ya hau, kuma wanda bai natsu ba zai iya yin ciniki yana cutar kansa da bakinsa. Na raba dubu da 390, na ga jaka ta kama naira 2,564, ta fi ta Wapa tsada da naira 34. Na nemi saba'in da tara, wadda ita ce daidai da farashin da na samu a Kano. Ya ce da manyan takardu nake so da ya ba ni, amma ƙananan kuɗi su ma da kuɗinsu. Gaskiyarsa. Ƙarancin canji a Nijar ba wasa ba ne, mai shago zai iya fasa ciniki da kai don ka miƙa masa jaka goma. Na karɓi sefa 39,000 a 'yan jaka ɗaya da 'yan dala ɗari da tarin silalla da suka ja mini aljihu ƙasa. Su muka yi ta ba maroƙa da masu babur da yaran da ke ɗauko ruwa.

Wani abu da na lura da shi a wannan salon faɗin farashi: matakinsa manya ne. Daga dala 78 zuwa 79 ana ganin kamar ba komai, amma ya fi naira 30 a kan kowace jaka. A Wapa kuwa ana iya ja-in-ja a kan naira biyar. Don haka babban kuɗi ya fi kyau a canza shi inda ake faɗin farashi da naira, a bar ɗan na kashewa a canza a can.

Ranar ɗaurin aure, bayan sallar Juma'a, Kawu ne wakilin ango. Liman ya tambayi sadaki, ya ce, "Jaka ɗari uku, lakadan ba ajalan ba." Ya zaro takardun talatin daga aljihun 'yar cikinsa, waliyyin amarya ya ba wani ya ƙirga a gaban shaidu, aka shafa fatiha. Ina zaune a baya ina tunanin shi kansa mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, rubu'in dinari, canji ne ake yi masa, daga zinariya zuwa kuɗin gari, shi ya sa a Najeriya ake ta sake sanar da adadinsa da naira duk lokacin da zinariya ko dala ta motsa.

Da muka gama sallamar kowa jaka 42 ta rage a hannuna. A Magama masu canji suka tare mu suna tayi a 2,460. Da na sayar, naira 70 zan yi asara a kan kowace jaka, kusan naira 3,000 a kan kuɗin da ban yi komai da su ba sai ɗauka da dawowa. Na sayar da jaka goma don man mota, sauran na damƙa wa Auta. Mai mata a Maraɗi ba zai rasa abin yi da sefa ba, ga ganin gida, ga suna, ga gaisuwar rasuwa, kuma kuɗi ne da ba ya narkewa a ajiye kamar namu.

Bayan an kawo amarya, gwaggonta da ta rako ta ta kira ni gefe. "Yayan ango, ga gudummawar da mata suka tara wa ɗiyarmu. Muna so a maishe ta naira ta sayi keken ɗinki." Ta kwance bakin zane ta zube mini kuɗi a tabarma, jaka 95, yawancinsu 'yan jaka ɗaya da jaka biyu da suka sha hannu, da wasu takardu biyu na jaka goma waɗanda zanensu ya bambanta da sauran. Wata 'yar'uwarsu da ke aure a Njamena ce ta aiko da su. Wannan sefar Afirka ta Tsakiya ce, ta bankin BEAC da ke Yawunde, wadda Chadi da Kamaru da maƙwabtansu suke kashewa. A takarda darajarsu ɗaya, ita ma yuro ɗaya 655.957 ne, amma ba a cefane da ita a Maraɗi, kuma a Wapa farashinta daban.

Na koma wurin dattijon, wannan karon ni ne mai sayarwa. Kasuwa ta ɗan motsa a 'yan kwanakin, yana karɓa a 2,500. Ya baje kuɗin ya ware su kashi uku. Masu kyau, jaka 60, ya karɓa a 2,500. Jaka 15 da suka yage ko suka sha salatif ya ce sai dai 2,400, domin shi ma sai an rage masa kafin su fita daga hannunsa. Na Chadin jaka 20 ya ce ba layinsa ba ne, ya aiki yaro da su wani shago da fataken Kamaru suke hulɗa da shi, aka dawo da 2,420. Ya haɗa lissafi: 150,000 da 36,000 da 48,400, jimla naira 234,400. Na ce ya rubuta mini kashi-kashi a takarda yadda zan nuna wa gwaggon amarya, ya rubuta, ya tura kuɗin asusun Auta, na jira har Auta ya kira ya ce sun shigo.